Ɗan Hakin da Ka Raina: Cijewar Sukurun Gangar Birkin Mota da Hanyoyin Kwance Shi

Tsakure

Sukurun da ke riƙe gangar birki yana cikin ƙananan ƙarafan da ke jikin mota, domin a yawancin ƙananan motoci kaurinsa bai wuce milimita 6 ba. Duk da ƙanƙantarsa, idan ya cije ba a isa ga takalman birki sai an rabu da shi, kuma a wajen rabuwa da shi ne ake yawan lalata abubuwan da suka fi shi daraja nesa ba kusa ba. Wannan maƙala ta yi bayanin aikin da sukurun yake yi, da dalilan da ke sa shi cijewa, da matakan kwance shi bi da bi, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan riƙon yana ƙarƙashin kan sukurun ne, kuma yunƙurin farko shi ke yanke hukuncin yadda aikin zai ƙare. Har ila yau, ta jawo hankali ga haɗurran da ke tattare da ƙurar birki da wuta da duka, sannan ta bayyana yadda za a hana cijewar sake aukuwa.

Fitilun Kalmomi: birki, ganga, sukuru, tsatsa, hob, kanikanci

1.0 Gabatarwa

Birki mai ganga tsohuwar fasaha ce a tarihin mota. Tun a shekarar 1902 Louis Renault na ƙasar Faransa ya yi rajistar mallakar tsarinsa, kuma har yau tushen aikin bai sauya ba: takalma biyu masu siffar jinjirin wata suna buɗewa su danne cikin wata ganga ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya, gogayyar da ke tsakaninsu ta rage gudun mota. Birki mai faifai ya karɓe ƙafafun gaba a kusan dukkan ƙananan motoci, amma ganga tana nan daram a ƙafafun bayan motoci da dama, musamman ƙananan motoci masu araha da a-kori-kura da bas-bas da manyan motocin kaya. Dalili kuwa shi ne tana da sauƙin kuɗi wajen ƙerawa, kuma haɗa ta da birkin hannu ba ya da wahala.

Takalman birki suna cinyewa a hankali, kuma a ɓoye suke, ba a ganin halin da suke ciki sosai sai an zare gangar. A motoci da yawa, abin da ke tsakanin bakanike da zare gangar shi ne ɗan sukuru ɗaya ko biyu. Idan ya kwance lafiya, aikin daƙiƙa kaɗan ne. Idan kuwa ya cije, ɗaya daga cikin abubuwa biyu yakan faru. Ko dai a gaji a mayar da taya a ce sai wani jiƙon, mota ta koma hanya da birkin da ba a duba ba, ko kuma a hau shi da ƙarfin tsiya har a lalata mazaunin gangar. Duka biyun suna da tsada, na farkon ma yana iya cin rai. Wannan ne ya sa batun ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla. Abin da za a faɗa a nan ya shafi sukurun faifan birki shi ma, domin iri ɗaya ne, kuma cutarsu ɗaya.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A maganar yau da kullum, Bahaushe yakan kira duk wani ƙarfe da ake murɗawa a ɗaure da sunan noti. A wannan maƙala an bambanta su. Sukuru shi ne ƙarfe mai haƙora a jikinsa, mai tsaga ko rami a kansa inda bakin sukundireba ke shiga. Noti kuwa shi ne wanda sifana ke kamawa ta gefunansa. Haƙora na nufin zanen da ya nannaɗe jikin sukuru, wanda kanikawa ke kira tiredi. Ganga ita ce kwanon ƙarfen da ke rufe takalman birki, wadda a gareji ake ce wa dirom. Hob shi ne cibiyar ƙafar mota, wato ƙarfen da ke juyawa a kan boris, wanda ganga da taya suke zama a fuskarsa. Idan aka ce sukuru ya cije, ana nufin ya ƙi juyawa alhali kansa lafiya lau. Idan kuma aka ce kansa ya cinye, ana nufin ramin da sukundireba ke kamawa ya siɗe, babu sauran abin kamawa.

3.0 Aikin da Sukurun Yake Yi

Mutane da yawa suna zaton wannan sukuru ne ke hana ganga faɗuwa yayin da mota ke gudu. Gaskiyar magana ita ce notunan taya ne ke wannan aiki. Idan aka ɗaure taya, gangar tana matse ne tsakanin ƙarfen taya da fuskar hob, kamar takarda a tsakanin tafuka biyu. Ƙarfin ɗaurin da kamfanoni ke ƙayyadewa ya isa shaida. A motocin Honda da yawa, ana ɗaure irin wannan sukuru da ƙarfin da bai kai 10 ba a ma'aunin murɗa da ake rubutawa Nm, alhali kowane notin taya ɗaya ana ɗaure shi da 108, kuma notunan huɗu ne ko biyar.

Amfanin sukurun, ke nan, shi ne ya tsayar da ganga a mazauninta lokacin da babu taya. A masana'anta yana hana ta zamewa yayin da ake harhaɗa mota. A gareji yana hana ta motsi idan an cire taya, kada ƙasa ko ɓarɓashin tsatsa su faɗa tsakaninta da hob. Amfaninsa ya fi fitowa a motocin Turai irin su Volkswagen da Mercedes-Benz da Peugeot na zamani, waɗanda hob ɗinsu ba shi da ƙusoshi masu tsayuwa, sai dai a zura dogayen notuna ta cikin taya su shige hob. A irin waɗannan, idan babu sukuru, ganga ko faifai yakan juya kaɗan ramuka su saɓa, ɗaura taya ya zama wahala.

Akwai kuma motocin da gangarsu ba ta da sukuru sam. A Golf 3 da Peugeot 206, alal misali, gangar baya a haɗe take da mazaunin boris, kuma babban noti ɗaya ne a tsakiya yake riƙe da ita. Don haka abu na farko shi ne mai aiki ya san irin gangar da ke gabansa.

Fahimtar wannan aiki tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ke nuna abin da ya kamata a kare. Sukuru abu ne na ƙananan kuɗi da ake sauyawa. Hob da boris da silindar birki su ne masu tsada. Duk dabarar da za a bi, sai ta kasance wadda za ta sadaukar da sukurun ta tsirar da waɗannan.

4.0 Dalilan Cijewa

4.1 Tsatsa

Ganga da baƙin ƙarfe na zubi ake yin ta, sukuru da hob kuma da ƙarfe mai tauri. Duk inda ƙarfe ya haɗu da danshi da iskar oksijin, tsatsa za ta fito. Abin lura shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye da haka. A sarari wannan ba ya damun kowa, amma a ɗan siririn gibin da ke tsakanin kan sukuru da ganga, tsatsar ba ta da inda za ta je, sai ta cika gibin ta matse ɓangarorin biyu tamkar an zuba musu siminti.

Gishiri yana hanzarta wannan aiki. A arewacin Turai da Kanada da jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a tituna lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin kuma yana fallatsa a ƙafafun mota wata da watanni. Da yawa daga cikin motocin hannu da ke shigowa ƙasar Hausa ta tashoshin Kwatano da Legas daga waɗannan ƙasashe suke fitowa. Shi ya sa ake samun motar da ke yawo a busasshen gari kamar Katsina ko Maraɗi, amma ƙarƙashinta ya yi jajur: da tsatsarta ta iso. A gida kuma, ratsa ruwan damina da yawan wanki da ajiye mota a jiƙe suna ƙara nasu.

4.2 Zafi da Sanyi

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. A doguwar gangara ko da kaya mai nauyi, zafin ganga yakan wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Duk lokacin da ta yi zafi, ita da sukurun suna buɗewa kaɗan, idan sun huce su koma. Wannan kai da komo yana ƙone duk wani maiƙo da ke kan haƙoran, yana cinye siririn rufin kariya da aka yi wa sukurun a masana'anta, yana kuma buɗe wa danshi ƙofa. Shekara biyar ko goma a haka sun isa su mayar da ƙarafa biyu kamar guda.

4.3 Siffar Kan Sukuru

Tunda taya za ta kwanta a fuskar ganga, dole kan sukurun ya nutse ya yi daidai da ita. Saboda haka ake yin ƙasan kansa kamar mazurari, a kuma yi masa gurbi mai irin wannan siffa a jikin gangar. Wannan mazurari yana ba tsatsa fili mai faɗi, kuma filin yana nesa da tsakiyar sukurun, inda ɗan riƙo kaɗan ke da tasiri mai yawa wajen hana juyawa. Akwai abin da ke tabbatar da haka a aikace: sau da yawa idan aka huda kan sukuru ya fita, aka zare gangar, guntun da ya rage a hob yakan kwance da filaya cikin sauƙi, wani lokaci ma da yatsu. Ashe ke nan yaƙin yana ƙarƙashin kai, haƙoran ba su cika zama matsala ba.

4.4 Makamin da Bai Dace Ba

Ba kowane rami mai siffar gicciye ne iri ɗaya ba. Akwai Phillips, wanda Henry F. Phillips ya yaɗa a Amurka, kamfanin General Motors ya fara amfani da shi a motar Cadillac a 1936. Akwai Pozidriv, wanda ake ganewa da ƙananan zane huɗu a tsakanin rassan gicciyen. Akwai kuma na ƙa'idar Japan da ake kira JIS, wanda ake samu a motoci da baburan ƙasar, wani lokaci da ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Ban da su akwai Torx mai siffar tauraro mai ƙafa shida, wanda ya fito a 1967, kuma lamba T30 ta yawaita a birkin motocin Turai. Wasu motocin kuma rami mai kusurwa shida suke da shi.

Bakin Phillips a karkace gefunansa suke, don haka idan aka murɗa shi da ƙarfi yakan nemi hawowa ya fice daga rami. Idan aka sa shi a ramin JIS ko Pozidriv, ko aka sa lamba 2 a inda lamba 3 ta dace, ba ya zama sosai, sai ya riƙa kama bakin ramin kawai. Zamewa ɗaya tak tana cinye kusurwoyin, kuma kowace zamewa tana sauƙaƙa ta gaba. Yawancin sukurun da ake cewa sun gagara, tsatsa ce ta fara, hannun mutum ya ƙarasa.

5.0 Shiri Kafin a Taɓa Sukuru

A ajiye mota a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Bayan an ɗaga ta da jak, a tokare ta da matokari na ƙarfe, domin aikin yana buƙatar duka, kuma motar da ke kan jak kaɗai tana iya zamewa. A sa tabarau na kariya, saboda bakin sukundireba da kan ƙarfe mai tauri suna iya ɓallewa su yi tsalle.

Ƙurar birki tana buƙatar kulawa ta musamman. An daɗe ana yin fatar takalman birki da ma'adinin asbestos, wanda shaƙar zarurrukansa ke jawo tabon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, amma tsofaffin motoci da wasu kayan gyara masu araha ba su rabu da shi ba, kuma ido ba ya bambanta ƙurarsa da wata. Saboda haka kada a hura ƙurar da baki ko da injin iska. A jiƙa ta, a goge da tsumma mai danshi, a kuma rufe hanci.

Daga nan a kankare kan sukurun da burushin waya, a sa tsinin allura ko ƙusa a ƙwaƙule ramin har ƙasansa. Ƙasa da tsatsar da suka taru a ciki suna hana baki shiga gaba ɗaya, kuma rabin milimita da aka rasa a nan yana iya zama bambancin nasara da asara. A ja birkin hannu domin ganga ta daina juyawa. Idan hob ɗin mai ƙusoshi ne, a mayar da notunan taya biyu da wasa a ƙarƙashinsu, a ɗaure su a fuskar gangar. Wannan yana matse ta jikin hob, ya ɗauke wa kan sukurun wani ɓangare na nauyin da ke kansa.

6.0 Matakan Kwancewa

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ba ya ɓarna, kada a hau mataki na gaba sai na baya ya gaza. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

6.1 Man Ratsa Tsatsa

A fesa man da aka yi don ratsa tsatsa a kewayen kan sukurun. Irin wannan mai tsinkakke ne ƙwarai, yana bin ƙananan tsagu kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Lokaci yake buƙata: minti 15 zuwa 30 ga tsatsa mai sauƙi, kwana guda ga mai tsanani. Inda ba a samu ba, kananzir yana taimakawa. Wasu kanikawa sukan zuba man birki, amma yana cin fenti kuma yana jan danshi. Kowane iri aka yi amfani da shi, a yi kaɗan-kaɗan, domin duk takalmin birkin da ya sha mai ya tashi daga aiki, sai dai a sauya shi.

6.2 Girgiza da Guduma

Tsatsa tana da tauri amma ba ta da juriya, tana farfashewa idan ta sha girgiza. A ɗora baki da ya dace a cikin ramin, ko ƙarfe mai shafaffen kai a bisa sukurun, a buga da guduma sau uku ko huɗu, bugu mai kaifi kuma a miƙe. Bugun yana fasa tsatsar da ke ƙarƙashin kai, yana buɗe wa mai hanya, yana kuma zaunar da baki sosai a rami. A lura cewa boris yana bayan hob, kuma dukan wuce kima yana yi wa hanyar ƙwallayensa tabo, daga baya a ji ƙafar tana gurnani.

6.3 Yunƙurin Farko

A gwada bakin a rami kafin a murɗa. Idan yana rawa, ba shi ba ne. Wanda ya dace yana zama daram, ba ya motsi gefe da gefe. Ɗan manna garin da ake wasa bawul da shi a bakin yana ƙara masa kamu. A danna da nauyin jiki, ƙarfin dannawa ya fi na murɗawa, a fara da ɗan motsi zuwa dama kamar za a ƙara ɗaurewa, sannan a juya hagu. Da zarar an ji bakin yana neman hawowa, a tsaya. Wannan tsayawa ita ce mafi muhimmanci a dukkan aikin, domin kan da bai cinye ba yana da sauran hanyoyi da yawa a gabansa.

6.4 Sukundireban Duka

Wannan makami shi ne aka yi domin irin wannan aiki. Ƙarfe ne mai kauri da ake riƙewa a hannu, a cikinsa akwai karkatacciyar hanya da sifirin. Idan aka bugi bayansa da guduma, bugun yana rabuwa biyu a lokaci guda: yana danna bakin cikin rami, yana kuma murɗa shi kaɗan da ƙarfi mai yawa. Da yake dannawa da murɗawa tare suke zuwa, bakin ba ya samun damar ficewa. A tabbata an saita shi zuwa hagu, a riƙe shi a miƙe, a ɗan murɗa shi da hannu ta wajen kwancewa, sannan a buga da guduma mai ɗan nauyi. Yawancin sukurun da kansu bai cinye ba a nan suke sallamawa. Kuɗinsa bai kai na hob ɗaya ba, don haka bai kamata a rasa shi a garejin da ke aikin birki ba.

6.5 Zafi

Ƙarfe yana ƙaruwa da kimanin kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya. Sukuru mai kaurin milimita 6, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 300, zai ƙara kauri da kusan kashi 2 cikin ɗari na milimita. Ido ba ya ganin wannan, amma ya isa ya murƙushe tsatsar da ke kewaye da shi, idan ya huce kuma ya bar gibi. A goge mai tukuna, a sa ƙaramin harshen wuta a kan sukurun kaɗai na ɗan lokaci, a bar shi ya huce, a sake gwada sukundireban duka.

Haɗarin wuta a wannan wuri yana da yawa. Tankin mai da bututunsa suna kusa da ƙafafun baya. Giris ɗin boris yana narkewa, robobin silinda suna ƙonewa, na'urar da ke auna gudun taya a motoci masu ABS tana lalacewa. Man birki na DOT 4 yana tafasa a digiri 230 idan sabo ne, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a 155. Mafi muni shi ne wasu magungunan wanke birki na feshi masu sinadarin kulorin, waɗanda idan wuta ta taɓa su suke fitar da iskar fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kada a taɓa haɗa su da wuta ko walda.

6.6 Idan Kai Ya Cinye

A nan an daina neman ceton sukuru. Hanya ta farko ita ce a sa ƙarfe mai tsini kusa da gefen kan, a buga a miƙe har ya yi gurbi, sannan a kwantar da ƙarfen a riƙa bugawa ta yadda kan zai juya hagu. Da yake bugun a gefe yake sauka, inda riƙon yake, yakan yi tasiri. Hanya ta biyu ita ce a buga bakin Torx da ya ɗan fi ramin girma ya shige da ƙarfi, ya yanka wa kansa sabon mazauni. Hanya ta uku ita ce a ɗora noti a kan sukurun, a cika tsakiyarsa da walda, a bar shi ya huce, a kwance da sifana. Zafin waldar da kansa yana taimakawa. Sai dai a cire kan batir tukuna, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin gangar, domin kada wutar ta ratsa ta cikin boris ta ƙona shi.

6.7 Huda Kai

Wannan ita ce hanya ta ƙarshe, kuma idan an yi ta da natsuwa ba ta da ɓarna. Ga sukuru mai kaurin milimita 6, a ɗauki bakin huda mai faɗin milimita 6 ko 6.5. Ramin da ya cinye da kansa zai tsayar da bakin a tsakiya. A huda a hankali, da ɗigon mai, ana dubawa. Milimita kaɗan za a shiga, sai a ga kan ya rabu da jiki ya hau bakin kamar zobe. A tsaya nan take. Akwai bakin huda mai juyawa hagu, wanda sau da yawa yakan kama sukurun ya kwanto shi tun kafin a gama.

Bayan an zare ganga, a kama guntun da filaya mai kulle a juya. Idan ya karye daidai da fuskar hob, a yi masa alama a tsakiya, a fara da siririn baki, a ƙara har milimita 5, sannan a gyara haƙoran da abin yanka haƙora mai lamba M6. Game da ƙarfen nan mai haƙoran hagu da ake sayarwa don zaro karyayyen sukuru, a yi hattara. Yana da tauri ƙwarai, ga saurin karyewa, kuma idan ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

7.0 Zare Ganga da Mayar da Ita

Fitar sukuru ba ta nufin ganga za ta biyo baya nan da nan. A sauke birkin hannu tukuna. Idan ta manne da wuyan hob, a buga fuskarta tsakanin ƙusoshi, kada a bugi leɓenta, domin ƙarfen zubi yana tsagewa. Gangunan motocin Japan da yawa, ciki har da na Toyota, suna da ramuka biyu masu haƙora na M8; idan aka zura notuna biyu ana ɗaure su bi da bi, suna tura gangar waje. Idan kuwa tana motsi amma ta ƙi fita, takalma ne suka ci mata hanya a ciki suka maƙale a bayan leɓe, sai a sassauta abin saita su ta ramin da aka tanada. Ɓamɓarowa da ƙarfi yana karya sifirin da ƙusoshin da ke riƙe takalman. A jikin ganga akwai lambar da ke nuna iyakar faɗin cikinta. Wadda ta wuce wannan iyaka ta gama aiki.

Wajen mayarwa, a kankare fuskar hob da bayan ganga har su yi sumul. Wannan ne wurin da ƙaramin sakaci ke zama babban haɗari. Idan aka bar guntun sukuru ya ɗago ko da kaɗan ne, ko ɓawon tsatsa ya zauna a tsakani, ganga ba za ta kwanta daidai ba. Birki zai riƙa karkarwa, kuma idan abin da ya tokare ya murƙushe a kan hanya, ɗaurin notunan taya zai sassauta. Guntun da ya ƙi fita dole a goge shi ya yi daidai da fuska. A sa sabon sukuru, a shafa ɗan giris mai jure zafi, irin mai garin jan ƙarfe, a haƙoransa da ƙarƙashin kansa, a ɗaure shi da hannu daidai wa daida. A ɗaure notunan taya da sifana mai ma'auni bisa abin da littafin motar ya ƙayyade. Duk aikin da aka yi wa takalman ƙafa ɗaya, a yi wa ɗayar, don kada mota ta riƙa ja gefe. A ƙarshe a taka birki sau da yawa mota na tsaye, a gwada shi da ƙaramin gudu kafin a hau babban titi.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa sukurun gangar birki ba shi ke ɗauke da nauyin taya ba, kuma cijewarsa sakamako ne na tsatsa da zafi da siffar kansa. An kuma ga cewa abin da ke mayar da ƙaramar matsala babba shi ne baki marar dacewa da gaggawar murɗawa. Tsabtace rami, da zaɓen baki daidai, da ba mai lokaci, da sukundireban duka, sun isa su kwance mafi yawansu. Inda suka gaza, a huda kan a sadaukar da sukurun, a tsirar da hob da boris da silinda. Yana da kyau masu koyar da kanikanci, a makarantun fasaha da a gareji, su riƙa koya wa almajiransu wannan jeri tun da wuri, tare da haɗarin ƙura da na wuta. Mai mota kuma ya ba bakanike lokacin da aikin ke buƙata, kada ya yarda a mayar da taya ba a ga takalman birki ba. Ɗigon giris da aka shafa yau shi zai sa wanda zai buɗe gangar bayan shekaru ya kwance sukurun da hannu ɗaya.